Kakar Orka, Tsallen Amadilo

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 4:10 na yamma

Har yanzu gidan nan warin hayaƙi yake yi. Sau biyu na wanke yunifom ɗina, amma ina zama a aji Rediyo ta ɗaga hanci ta ce, "Ke, taya ake ƙonawa a gidanku?" Rediyo abokiyar bencina ce. Sunan ya bi ta ne domin tunda aka kunna ta ba a gano wurin kashewa ba.

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya a kicin ba. Labule ya ƙone, kabad ɗin sama ya yi baƙi ƙirin, ba wanda ya mutu. Shi ke nan. Kowa ya ce Kaka ce ta ɗora mai a wuta ta manta. Kaka ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Kamar wannan bai ishe ni ba, yau Malamar Bayoloji ta shigo da gwangwani cike da 'yan takardu. Kowane benci ya zari dabbobi biyu masu shayarwa, a kwatanta su, nan da sati biyu a fito gaban aji a yi bayani. GABAN AJI. Ni da ko sunana aka kira a rajista sai an ce in sake amsawa, ba a ji ba. Na gabanmu suka sami zaki da jemage. Mu kuwa orka da amadilo. Duk ajin ba wadda ta taɓa jin sunansu.

Malama ta nuna mana hoto a wayarta. Orka ƙatuwar dabbar teku ce, baƙi da fari, sumul kamar sabuwar mota, har laƙabin makashiya ake yi mata. Kafin in buɗe baki Rediyo ta ce, "Tawa ce!" Aka bar ni da ɗayan: wani abu mai dogon hanci da kunnuwan jaki, sanye da sulke, kamar ɓera ya saci kwanon rufi ya yafa. Ajin ya kwashe da dariya. Wata daga baya ta ce, "Ai ya dace da ita, ana taɓa shi zai dunƙule."

Na ji ki. Na kuma gane muryarki.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 6:30 na safe

Hannuna zugi yake. Zan sa rigar sanyi mai dogon hannu. In an tambaya, mura nake yi.

Alhamis, ƙarfe 5:00 na yamma

Abba ya kwance kan tukunyar gas ya kai ɗakinsu. Umma ta kwashe ashana. Sannan suka karɓi mukullin Kaka na ƙofar gida, wai don kada ya ɓata. Shekara tara mukullin nan yana ƙulle a bakin zaninta bai ɓata ba, sai yau. Ta kwance shi a hankali ta miƙa wa Abba ta ce, "Ungo, yaron nan. Da ma nauyi yake mini."

Ba ta kalle ni ba. Gara ma a ce ta kalle ni.

Umma nas ce, kuma wannan ita ce masifar. Duk abin da mutum ya yi, ta taɓa ganinsa a asibiti. Na ji tana ce wa Abba, "Haka yake farawa. Yau mai ne, gobe ta fita ta kasa gane hanya. Da rana duk ba ma nan, wa zai tsare ta?" A tsare ta! Sai ka ce akuya.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 11:15 na safe

Ina shara a falo Umma ta jawo kujera gaban Kaka, da ɗan littafi da biro.

"Inna, yau wace rana ce?"

"Ranar da matar ɗana ta mayar da ni 'yar firamare."

"Haba, Inna. To wace ce wannan?" Ta nuna ni.

Kaka ta juyo da idon nan nata mai yana, ta daɗe. Ta ce, "Ban santa ba. Tun ranar Talata ban ji muryarta ba."

Umma ta rubuta. WALLAHI TA RUBUTA. Ba ta san zolaya ba ne? Shekara goma sha takwas tana zaune da matar nan, ba ta san bakinta ba?

Na jingine tsintsiya na shige banɗaki na kunna famfo.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 3:40 na yamma

Na ari tsohuwar wayar Abba na yi bincike. Ga abin da ya haɗa su: dukansu da huhu suke numfashi, haihuwa suke yi ba ƙwai ba, kuma suna ba 'ya'yansu nono. Orka ba kifi ba ce ko da a ruwa take, sai ta taso sama ta shaƙi iska ta wani rami a tsakiyar kanta. Har gashi suke da shi. Na amadilo yana ciki da tsakanin sulken, na orka 'yan ƙwarori ne a baki lokacin tana jaririya, su zube. Iyakar zumuncin ke nan. Daga nan kowa ya kama gabansa.

Ita tana keta teku da danginta, ba abin da ke farautarta. Shi yana tona rami shi kaɗai, ya ci tururuwa da tsutsa, ya yi barci wajen awa goma sha shida. Wannan ne zan tsaya gaban mutum arba'in da biyu in yi wa kirari.

Abu ɗaya kawai ya fi ta: hanci. Idonsa ba ya gani sosai, amma yana jin ƙanshin abin da ke binne a ƙasa. Ita kuwa duk girmanta, an ce ba ta jin wari ko kaɗan.

Ɗakinmu ɗaya da Kaka. Kullum in na dawo makaranta nakan rufe ƙofa in karanta mata littafin soyayya, don Abba ya rantse in ya ƙara kama ni da su sai ya haɗa duka ya cinna musu wuta. Kaka ta fi ni so. Muna kan mai shuɗin bangon nan da Rediyo ta ara mini, na likitan mai tabo a gira. Kaka tana cewa, "Wannan ragon namiji ne. Shafi ɗari yana kallon yarinya, bakinsa ciwo yake?" Mun tsaya daidai inda ya biyo ta tashar jirgi.

Tun ranar Talata ban ga littafin ba. Na duba ƙarƙashin katifa, bayan firji, har kwandon shara. Ba zan iya tambaya ba.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 7:20 na yamma

An yanke. Abba ya yi waya da Baffa a buɗe, duk muna ji. Asabar ta sama, 22 ga wata, Baffa zai zo da mota ya tafi da Kaka. Gidansa tafiyar awa biyar ce. Matarsa tana gida kullum, kuma babu matakala. Ba ziyara ba. Komawa.

Baffa yana ta cewa, "Ai da ma na faɗa, Yaya, na faɗa." Me ka faɗa? Kai da sai an tuna maka kake kiranta?

Kaka tana zaune a nan, taku uku daga wayar, ana maganarta kamar katifar da za a canza wa ɗaki. Ba wanda ya ce, Inna, me kika gani?

A littafi, a nan ne yarinya take miƙewa, hawaye na gangaro mata, ta faɗi magana ɗaya kowa ya yi tsit. Ni ina tsaye da faranti a hannu. Na kai shi kicin na wanke. Na sake wankewa.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Na tsani amadilo.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Mun zauna a laburare da Rediyo don mu haɗa aikin. Ta zo da kwali babba, ta zana orka ta cinye kashi uku cikin huɗu, ta bar mini lungu kamar wurin manna kan sarki.

"Ke, ina littafina? Na yayata ne fa, kullum sai ta tambaye ni."

"Zan kawo."

"Kuma wannan rigar sanyin fa? Ana zafin nan kamar a tuɓe fata?"

"Mura."

"Murar kwana tara ba ko atishawa? To. Bari ki ji abin mamaki. Kin san wa ke shugabantar garken orka? Kaka! Wallahi kaka. Macen tana daina haihuwa wajen shekara arba'in, kamar mutum, amma ta ci gaba da rayuwa, wata har tamanin. In abinci ya yi wuya ita ke shiga gaba, don ita ta san inda aka samu shekarun baya. A wani garken ɗanta namiji, ƙato da shi, har ya mutu yana gefen uwarsa. Kuma an ƙirga an gani, jikan da kakarsa ta mutu ya fi saurin..."

"YA ISA!"

Ni na faɗa. Ni. Mai kula da laburare har ta cire tabarau ta duba ko wata ce. Rediyo ta saki baki, karo na farko a tarihi ba abin da ya fito.

Dabbar da ba ta da hannu, ba ta da makaranta, ba ta da ɗan littafi da biro, ta san ba a sa kaka a mota. Mu da muke da nas a gida.

Na san ba Rediyo nake jin haushi ba. Na sani. Kada ma wani ya gaya mini.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Kaka ta ce, "Shiru-shiru, tunda an daina karanta mini likita, karanta mini aikin makarantar. Kunnena ya gaji da jin tsegumina."

Na kai mata hoton dab da ido. Ta ce, "Wannan ai ɗankunya ne." Na ce Malama ta ce kama ce kawai, ba dangi ba ne, wannan can wata nahiya yake. Ta ce, "To, kama da wane ba ta wane. Ci gaba."

Sai ga abin da ya ba ni haushi sabo. Ashe ƙarya ce ma! Amadilo kala wajen ashirin ne, biyu kacal ke iya dunƙulewa su zama ƙwallo. Wanda aka fi sani, mai ɗamara tara a bayansa, bai iya ba. Shi in ya tsorata TSALLE yake yi. Sama, tsaye, ya kai ƙugun mutum. A daji yana amfani, abin da ya biyo shi sai ya firgita. Amma a titi, motar da za ta wuce ta kansa lafiya, sai ya daka tsalle ya bugi cikinta.

Kaka ta yi dariya har da tari. "Wawa! Amma ina sonsa. Ya dai yi wani abu."

Na karanta mata cewa macen tana haifar 'yan huɗu, kamanni ɗaya, duk daga ƙwai guda. Ta ce, "Allah ya raba mu. Irinki huɗu, gida sai ya zama maƙabarta don shiru." Na karanta cewa yana riƙe numfashi minti shida ya taka ƙasan rafi ya haye. Ta ce, "Minti shida? Na san wata da ta riƙe nata kwana goma sha biyu."

Na ajiye wayar. Na ce, "Kaka, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗi me? Ni ai na manta. Ba ki ga nas ta rubuta ba?"

"Kaka, don Allah."

Ta jawo hannuna na hagu, ta naɗe rigar kamar yadda take yi kullum in an rufe ƙofa, ta shafa mini zuma. Ta ce, "Ranar farko don ke na yi shiru, na san halin ubanki. Daga rana ta biyu don kaina ne. Da ɗan da na haifa ya zo ya durƙusa ya ce, Inna, me ya faru, da na san abin da zan gaya masa. Bai tambaye ni ba. Maƙwabciya ya tambaya. Wanda bai tambaye ka ba, ba ka bin sa da amsa."

"To ai tafiya za a yi da ke!"

"A tafi mana. Ni kaya ce."

Ina jin haushinta ita ma. Taurin kai kamar ƙofar banki.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 6:45 na safe

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Watan jiya na tarar da tabaran Kaka a firji, kusa da ƙwai. Mun yi dariya, ta ce sanyaya su take don ta ga duniya da daɗi.

To sai me? Abba ma ya taɓa neman wayarsa alhali tana kunnensa.

Ban san me ya sa na rubuta wannan ba.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

An sauko da akwatin ƙarfen Kaka daga kan wadirob. Umma tana ninke kaya tana sharar ido a ɓoye, tana tsammanin ban gani ba. Kada ki yi kuka, ke kika rubuta.

A'a. Ba ita ba ce. Ba ita ba ce.

Kaka ta shinshina hannuna ta ce, "Ya fara ruwa. Wannan ya fi ƙarfin zuma, 'yar nan. Akwai nas a gidan, kin sani."

Gobe gaban aji. Jibi ba komai. Gata mota.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 3:15 na yamma

Rediyo ta yi minti tara ita kaɗai. Ta kwaikwayi kukan orka, ta ce kowane garke da irin nasa, kamar yadda kowane gida yake da salon maganarsa. Ta ce rabin ƙwaƙwalwarta ne ke barci, rabi yana farke don kada ta manta da numfashi. Aka yi ta tafi.

Sai ni. Na ɗauko takardata. Na karanta layi uku, Malama ta ce, "Ɗaga murya." Na ɗaga, ta fito kamar ta sauro. Sai mai muryar nan ta baya ta ce, "Malama, a bar ta, ta dunƙule."

Ban san abin da ya hau kaina ba. Na ajiye takardar na ce, "Ba ya dunƙulewa. Biyu ne kawai cikin ashirin ke yi, je ki karanta. Kuma sulken ba kwano ba ne, ƙashi ne a cikin fatarsa, da shi aka halicce shi, ba zai iya tuɓewa don ya burge ki ba. Orka tana da dangi ashirin a bayanta, dole ta yi jarumta. Shi shi kaɗai ne, ido ba ya gani, haƙora ba kaifi, kuma har yau yana duniya."

Malama ta ce, "To wanne ya fi?"

Rediyo ta ce, "Orka mana!"

Na ce, "Ba tsere suke ba, Malama. A sa orka a rami a gani."

Aka yi dariya, amma ba irin waccan ba. Sha huɗu cikin ashirin. An cire mana biyu saboda kwalin bai daidaita ba, laifin wata. An cire huɗu saboda "fushi ba hujja ba ce a kimiyya."

A hanya Rediyo ta kama hannuna don murna, daidai wurin. Na yi ƙara. Ta ɗaga rigar kafin in hana ta. Ta kalli hannun, ta kalle ni. Ta ce, "Wutar gidanku." Na ja rigar na rufe. Ta ce, "Ki bar littafin, zan san abin da zan gaya wa yayata." Har muka rabu ba ta ƙara magana ba. Shirun Rediyo ya fi zagi ciwo.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Na tsara kalmomin. Sau uku na je ƙofar ɗakinsu. Na farko Abba yana waya. Na biyu Umma tana guga. Na uku ba abin da suke yi.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 4:50 na yamma

Zan rubuta duka yau.

Baffa ya iso ƙarfe tara. Shi da Abba suka sauke akwatin ƙarfen, hawa biyu, suna nishi, suka sa a but ɗin motar. Aka dawo falo shan shayi. Kaka ta yi kwalliya, ta zauna a miƙe kamar mai jiran a ɗauke ta hoto. Baffa ya matsa kusa da kunnenta ya ɗaga murya, sai ka ce kurma ce, ya ce, "INNA, CAN BA RUWANKI DA KICIN. KO RUWAN ZAFI ZA A KAWO MIKI."

Ina durƙushe ina zuba masa shayi. Kalmomin da na tsara duk suka gudu. Sai kawai na miƙe zumbur. Gwiwata ta daki tiren, butar shayi ta kife a kan farar rigar Baffa, kofi biyu suka fashe. Ya yi tsalle yana salati. Ni kuwa na ja hannun rigata sama na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba:

"NI CE!"

Ni na ɗora man. Dankali zan soya mana. Na ce bari in leƙa shafi ɗaya kafin ya yi zafi, na zauna a kujerar tsugunno a baranda, likita ya isa tashar jirgi. Ban ji komai ba. Kaka ce daga ɗaki ta ji warin. Ita ta lalubo kicin, ta kashe gas, ta kifa murfi a kan kaskon. Ni na fizgo labulen yana ci, ya lashe ni, na gudu banɗaki na sa hannu a famfo. Da maƙwabciya ta shigo, Kaka ta tarar tsaye cikin hayaƙi ita kaɗai. Ba ita ta kunna wutar ba. Ita ta kashe ta.

Ba haka na faɗa a jere ba. Kuka nake, majina, ba hawayen littafi ba.

Umma ba ta yi mini tsawa ba. Ta kama hannun ta duba, fuskarta ta canza. "Kwana goma sha takwas? A gidana? Me aka sa masa?"

Kaka ta ce, "Zuma."

"INNA!"

"Kin ɓoye ashana, ba ki ɓoye zuma ba."

Umma ta ɗauko akwatin maganinta ta wanke ciwon ba tausayi ko kaɗan. Ta ce, "Ina duba marasa lafiyar gari, 'yata tana ruɓewa a gabana." Sannan ta tashi ta ɗauko ɗan littafin nan, ta yage shafukan, ta zuba su cikin tiren da ya jiƙe.

Abba bai kalle ni ba. Ya sauko daga kujera ya durƙusa gaban Kaka. Ya ce, "Inna, me ya faru ranar?"

Ta ce, "Yanzu ka tambaya? Ai jikata ta riga ka. Ba ni mukullina."

Ya kawo. Ta ƙulle a bakin zani, ƙulli biyu.

Suka sake hawa da akwatin, hawa biyu, Baffa da shayi a ƙirji yana cewa, "Ai da ma na ce a bincika." Kaka ta ce, "Kai rufe mini baki, auta."

Na ɗauka an gama. Sai ta ce a ba ta ƙaramar jakarta. "Zan je. Matar auta ta gyara ɗaki, ba zan kunyata ta ba. Kwana goma. Da ƙafata zan je, da ƙafata zan dawo. Ku ɗan ji yadda gidan yake ba ni."

Da za ta fita ta shiga ɗakinmu ta kira ni. Ta buɗe akwatin, can ƙasa, cikin ɗankwali: littafin, gefensa ɗaya ya babbake. Ta ce, "A baranda na taka shi. Kada ki wuce ni ko shafi ɗaya, zan gane a muryarki." Sannan ta dungure mini kai. "Ke kuma ba ki tashi tsallenki ba sai da mota ta zo."

Hukunci: ba littafi har ƙarshen zango, wanke-wanke nawa ne har illa ma sha Allahu, kuma ni zan goge kabad ɗin. Littafin likitan kuwa Abba ya karɓa ya sa a wadirob ɗinsu. Bai ƙona ba. Kaka ta ce nata ne.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 4:25 na yamma

Gadonta a gyare. Ɗakin ya yi mini girma.

Na dawo makaranta na buɗe firji zan sha ruwa. Mukullin yana nan kusa da ƙwai, ya yi sanyi ƙalau. Mukullin da ta ƙulle sau biyu a gabanmu.

Wataƙila tsiyarta ce, don ta san ni zan gani. Wataƙila ba ita ba ce.

Na tsaya har firjin ya fara kuka. Zan iya sa shi ƙarƙashin matashinta, ba wanda zai sani. Na iya wannan, na ƙware.

Na kai wa Umma. Na gaya mata har da na tabarau. Na ce, "Amma in kika ɗauko wani littafi da biro, wallahi..." Ban san ƙarshen maganar ba.

Ta juya mukullin a tafin hannunta. Ta ce, "In ta dawo, ni da ke za mu zauna mu tambaye ta. In ta yarda, mu kai ta a duba. Daga gidan nan za ta je, gidan nan za ta dawo."

Ta yanko zare mai kauri ta zura shi, yadda za a rataya a wuya. Na buga ƙusa a saman gadon Kaka na rataye shi. Na daki yatsana da guduma.

Saura kwana takwas. Har yanzu haushi nake ji, ban dai san na wa ba. Kuma likitan nan yana can tsaye a tashar jirgi da bakinsa a buɗe. Ya jira. Kowa ma jira yake.